Kuɗin bikin yaye na 'yar nazare: in biya ko in ƙi?

Baban Ummi, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah a faɗa mani gaskiya ko da ba za ta yi mani daɗi ba. Jiya ɗiyata mai shekara 5 ta dawo da takarda daga makaranta, wai za a yi masu bikin yaye saboda sun gama nazare za su shiga firamare. Naira 18,000 kowane yaro: hayar riga da hula, hoto, kek, mai ɗaukar bidiyo, da abin da suka kira kuɗin ado na fili. Ankon iyaye mata daban. Yarinyar nan in ta rubuta sunanta, harafin ƙarshe a juye yake fitowa. Ajin da za ta koma kuwa katanga ɗaya ce ta raba shi da wanda ta bari, malamar ma kusan ita ce dai. To me aka yaye? Na ce ba zan biya ba, uwarta ta ce sai dai in shirya kallon sitatus ɗin maƙwabta ranar, kowa da ɗansa cikin riga ban da tamu. Tun daren jiya ba a yi mani magana mai daɗi a gidan nan ba.

Maman Hanifa:
Wa alaikumus salam. Baban Ummi ka biya kawai. Ba yarinyar ce ta ƙirƙiro abin ba, kada ka huce a kanta. Bara na yi irin taurin kan nan da yarona, na hana shi zuwa. Da yamma ya ɗauki wayata yana wasa, sai ga hoton 'yan ajinsu a sitatus ɗin uwar abokinsa. Ya daɗe yana kallo, yana jan hoton da yatsa yana nema ko yana can baya. Sai ya ce, “Mama, ni ban gama ba ne?” Wallahi har yau in na tuna sai na ji ba daɗi.

Ɗan Yarinci:
Haka suke cin mu. Sun san ba uban da zai jure wannan tambayar.

Malama A.:
Bari in faɗa maku daga ciki, shekarata 9 ina koyarwa a makarantar kuɗi, ba zan kama suna ba. Bikin nan ba don yaran ake yi ba, ba kuma don ku iyaye ba. Talla ce. Mai makarantarmu da bakinsa yake cewa bidiyon watan Yuli shi ke kawo ɗaliban Satumba. Sati 3 kafin ranar, karatu ya tsaya cak. Daga safe zuwa tashi gwajin tafiya ake yi, da gwajin jefa hula sama, da haddar jawabin Turanci wanda yaron bai san ma'anar kalma ɗaya a ciki ba. Muna da yaron da ya haddace jawabin minti 3 yana ɗaga hannu kamar ɗan siyasa, bidiyon ya zagaya garin nan, ana ta masha Allah. Ni na san in na buɗe masa littafin aji ɗaya ba zai karanta layi biyu ba.

Abin da ya fi ci mani rai kuma shi ne jerin gaba. Mai bidiyo ne ke zaɓen wanda zai tsaya a gaba, ba sakamako ba. Yaron da rigarsa ta zauna, mai fara'a, wanda uwarsa ta zo da mota. Shekaran bara yarinyar da ta zo ta ɗaya a ajina babanta bai samu biya ba. Ta zo ranar da yunifom ɗinta a goge, aka zaunar da ita can gefe wajen tulun ruwa tana riƙe wa ƙawarta jaka. Na ba ta kyautarta a ofis bayan an watse, ba mai tafi, ba mai hoto.

Maman Hanifa:
Innalillahi. Malama wannan kam zalunci ne.

Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum. Jikata ce ta nuna mani wannan magana, ita ke rubuta mani, in kun ga kuskure nata ne.

Ku duba kalmar da kanta. Yaye a wurin Bahaushe cire yaro ne daga nono. A shafa wa uwa maɗaci, a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka, ya yi kukansa na kwana biyu ya haƙura ya kama tuwo. Rabuwa ce, kuma akwai ɗaci a cikinta. Da aka ara kalmar aka ba makaranta, nufin shi ne mun gama shayar da kai, je ka ci da kanka. Yaron da zai dawo wannan harabar bayan hutu, wa ya yaye shi?

Mu zamaninmu ranar jawabi da ba da kyauta muka sani, sau ɗaya a shekara. A kira sunan wanda ya yi fice, ya fito gaban hakimi da iyaye ya karɓi littafi ko ƙamus. Garin nan ba baƙon ilimi ba ne. Tun 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, wadda daga baya ta zama Barewa, nan Sardauna ya yi karatu, nan Tafawa Ɓalewa ya yi, ginin yana nan an mai da shi gidan tarihi, kowa na iya zuwa ya gani. Kafin su kuma ga Gobarau, tsohon masallaci kuma cibiyar karatu, ga Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani. Abin da aka riƙe na mutanen nan aikinsu ne, ba rigar da suka sa ranar gamawa ba. Rigar ma da hular mai kusurwa huɗu daga tsofaffin jami'o'in Turai aka kwaso su, asalinsu suturar malaman coci ce da ɗalibansu.

Bikin kammalawa namu na gado shi ne sauka. Yaro ya faro daga ƙananan surori yana hawa, shekara da shekaru, har ya kai Baƙara. Ranar sauka a zaunar da shi a kan buzu gaban malaminsa da malaman unguwa da dattawa, a miƙa masa allon zayyana, malam ya biya ya maimaita, Fatiha da farkon Baƙara. Muryarsa na rawa, kowa na ji. A yi addu'a, a yanka abin da ya sawwaƙa, a raba waina da goro. Waɗanda ke zaune a wurin sun san yaron tun yana rarrafe, sun san ko ya yi karatun ko bai yi ba. Shaida ce ake bayarwa. Yanzu wa ke ba da shaidar? Mutanen da ba su san ka ba, suna danna hoton zuciya suna wucewa.

Abba Injiniya:
Baba Allah ya ƙara girma, mun ƙaru. Amma a yi mani afuwa zan ɗan ja. Shi allon zayyanar nan ba nuni ba ne? Ana biyan mai zayyana kuɗi ya ƙawata shi da ja da kore da ruwan ɗorawa, a ɗinka wa yaro sabuwar riga, sannan ya ɗauki allon ya bi dangi gida gida ana ba shi kuɗi da kaji. Ni kaina na yi, har Batagarawa aka kai ni wajen gwaggona. In ba sitatus ɗin wancan zamani ba ne, mene ne? Bambancin kawai da ƙafa ake kai shi, yanzu da data.

Ɗan Yarinci:
Kai Abba, ka taɓo Baba inda ke masa ƙaiƙayi 😂

Tsohon Hedimasta:
Yaro ka yi magana, kuma ban musa ba. Ɗan Adam na son a gan shi, tun fil azal. Amma ka amsa mani: da ka shiga gidan gwaggonka da allon, me ta ce maka kafin ta ba ka kazar?

Abba Injiniya:
Ta ce in karanta ta ji.

Tsohon Hedimasta:
To. Hoto ba ya cewa ka karanta.

Sadiq, ajin ƙarshe:
Ni ɗalibi ne, kuma cikin masu sa farar riga ranar jarrabawar ƙarshe a yi masu rubutu a kai da alƙalamin maka nake, don haka bari in kare mu kaɗan kafin in tona mu.

Iyayenmu na ganin ranar rubutun riga iskanci ne kawai. Ku tambayi kanku me ya sa ta fi bikin yaye na hukuma armashi a wajenmu. Jami'o'i da yawa ba sa yin bikin duk shekara, sai a tara zango biyu, uku, har fiye, a yi masu rana ɗaya. Lokacin wani ya gama bautar ƙasa, wata ta yi aure da goyo, wani yana Legas yana neman abinci, wani ya rasu. Ka zo ka zauna cikin dubban mutane, ba a kiran sunanka sai in kana cikin masu daraja ta ɗaya, manyan baƙi su yi jawabi su tafi. Ranar jarrabawar ƙarshe ita kaɗai ce ranar da duk 'yan ajinku ke wuri ɗaya. Waɗanda suka riga mu sun sha zaman gida na korona da yajin aikin 2020, suka ƙara da wata 8 cur na yajin ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, a 2022. Digirin shekara 4 ya koma 6. Wanda ya fito daga wannan ramin in ya yi ihu a bar shi ya yi.

Yanzu tonon. Matsalar ita ce bikin ya riga sakamako. Muna fitowa daga ɗakin jarrabawa, takardar ko malami bai duba ba, mun riga mun sanar da duniya mun gama. Akwai abokina, ɗan wani ƙauye ne, ba zan faɗi wanne ba. Bara ya sa hotonsa a Facebook da farar riga cike da rubutu, ya rubuta Alhamdulillah an kammala. Sharhi ya fi 300. Mahaifinsa ya yanka akuya, limamin garinsu ya yi addu'a. Da sakamako ya fito, kwas ɗaya ya riƙe shi, sai ya sake shekara. Bai iya faɗa wa kowa ba. Yanzu haka a ɗakinmu yake kwana a kan tabarma, gida sun ɗauka yana jiran a tura shi bautar ƙasa ne, duk wata yana ƙirƙiro dalilin da ya sa sunansa bai fito ba. Kuɗin rajistar shekarar nan mu muka haɗa masa. Hoton yana nan bai goge ba, ya ce in ya goge za a tambaya. Kwanaki Facebook ya tuno masa da shi, wai shekara ɗaya ke nan. Ya kife wayar ya fita waje.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah sarki. Allah ya fitar da shi. Amma ku ce masa ya gaya wa mahaifinsa, ƙarya fure take ba ta 'ya'ya.

Abu Fatima:
Sadiq ka tsallake babban abin. Rubutun da ake yi a jikin 'yan mata fa? Namiji ya riƙe alƙalamin maka yana rubutu a bayan yarinya ko a gabanta, tana dariya, wani na ɗauka, kafin magariba yana TikTok. Ga tseren babura da motoci a titi. Yanzu har 'yan sakandare sun ɗauka, suna gama NECO sai a fito da fararen riguna. Jihar Sakkwato ta hana wannan a makarantun sakandare a 2025, Imo kuma ta hana bikin yaye na 'yan nazare da 'yan ƙaramar sakandare. Mu me muke jira?

Sadiq, ajin ƙarshe:
Malam ban kare wannan ba, kuma da yawan 'yan ajinmu mata a kan hijabi ko wani ƙyalle daban ƙawayensu mata ke rubuta masu. Amma hani kaɗai ba ya kashe abin. In an hana a cikin makaranta, sai a kama wani wurin shaƙatawa a bayan gari inda ba malami ba mai gadi. Tunda don waya ake yi, ko'ina waya na aiki.

'Yar Daurama:
Tun ɗazu ina karantawa, kowa na zagin hoto. Ni hoto ya yi mani rana, bari in faɗa.

A gidanmu nan Daura ni ce mace ta farko da ta wuce sakandare. Da zan tafi, ƙanin babanmu har gida ya zo ya ce ana ɓata kuɗi, ɗiya mace ɗakin miji ne makarantarta. Ranar da na gama karatun jinya na sa rigar, na tsaya tsakanin Inna da Baba aka ɗauke mu. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, ta riƙe kwalin da hannu biyu kamar jariri, a juye ma ta riƙe shi. Yayana da ke aiki a Saudiyya ta kiran bidiyo ya kalli komai yana share hawaye. Na sa hoton a zauren WhatsApp na dangi. Bayan sati biyu matar kawun nan ta kira ni a ɓoye, ta ce ɗiyarta ta maƙale wa hoton, kullum sai ta ce a nuna mata, yaya ake cike JAMB? Yarinyar yanzu tana shekara ta biyu a kwalejin kimiyya da fasaha. Wa'azin shekara goma bai juya kawu ba, ganin ɗiyar wansa cikin rigar nan da mutane na yi wa wansa barka shi ya juya shi. Ko kishi ne ya sa, ni dai ban damu ba, ta tafi makaranta.

Don haka Baba Hedimasta, da girmamawa, wani lokaci hoton ma yana cewa ka karanta. Ba wanda ke ciki yake gaya wa ba, mai kallo yake gaya wa.

Tsohon Hedimasta:
Ɗiyata Allah ya yi maki albarka. Wannan na karɓa. Amma ki lura, naki hoton akwai kwali a ciki, kuma akwai Inna.

Mai Hoto na Ƙofar Ƙaura:
Tunda Baba ya ambaci Inna, bari mai sana'ar ya sa baki. Kada ku ce ina ɓata kasuwata, daga Yuli zuwa Agusta nake samun kuɗin hayar shago na shekara, ban ƙi a yi ta yi ba.

Ina da riguna 6 da huluna a shago, da labulen bango mai hoton kantar littattafai. Awa ɗaya ake haya. Ba na tambayar kowa takarda. Na ɗauki wanda na san a aji biyu ya bar makaranta, na ɗauki wadda ta ce saurayinta ne ke son ya ga ta yi digiri. Kwalin da suke riƙewa farar takarda ce na naɗe da jan zare, guda ɗaya ce, duk garin nan ita ake riƙewa, har ta yi baƙi a gefe.

Wanda ba na mantawa shi ne wata yarinya a wajen bikin wata babbar makaranta. Ta yi kwalliya tun asuba, ta kira ni muka fara, ita da ƙawaye, ita da mota wadda ba tasu ba. Sai ga wani dattijo ya nufo mu, rigarsa ta sha ƙurar hanya, takalmin roba, da leda a hannu da ƙullin ƙuli-ƙuli da dabino. Fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Ta tare shi tun daga nesa, na ji tana cewa, “Baba ku jira can inuwa, zan zo.” Ya koma gindin dalbejiya ya tsuguna. Sai da ƙawayen suka watse ta kira shi, na ɗauke su guda biyu. Da dare ta turo mani waɗanda zan gyara, guda 20, ba nasa a ciki. Na gyara nasa na tura mata kyauta. Ban gan shi a shafinta ba.

Hajiya Mai Atamfa:
Subhanallah. Wanda ya sayar da hatsinsa ya biya kuɗin makarantar.

'Yar Daurama:
Wannan ba laifin waya ba ne, rashin tarbiyya ne.

Mai Hoto na Ƙofar Ƙaura:
Anti ban sani ba. Yarinyar ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, na gani da idona, kuma ta karɓi ledar. Ba ta ƙi shi ba. A hoton ne kawai ba ta da inda za ta sa shi.

Zee Cakes:
Assalam, masu bikin yaye muna yin kek mai siffar hula da littafi, da sunan yaro a kai, ana kaiwa har gida cikin Katsina 🎂

Admin:
Hajiya ba ranar talla ba ce yau, Juma'a ce ranar talla. Kuma ki duba maganar da ake yi mana.

Abu Fatima:
Abin da ya fi ba ni tsoro, saukar ma da Baba ke yabo ta bi sahu. Ku je walimar saukar Islamiyya yanzu. Ɗalibai 60 a rana ɗaya, a kama zauren taro, anko kala biyu, alkyabba, allon da kafinta ya yi aka buga masa zayyana da inji, kowa a ba shi ya riƙe a ɗauka. Mutum 3 ko 4 masu murya za su yi karatu, su ne za a yanka a sa a intanet, sauran sun sauke a hoto. Littafin Allah ne fa. Ayyuka da niyya suke, kuma riya na cinye lada.

Malama A.:
Allah gafarta Malam, amma ai an ce a ba da labarin ni'imar Ubangiji, ƙarshen suratu Duha. Uwar da ɗanta ya sauke ta sa a sitatus, riya ta yi?

Abu Fatima:
Malama ba ni da ma'aunin zuciyar kowa. Ita ta san abin da take ji in ta koma tana duba mutum nawa suka kalla, da wa da wa ba su ce komai ba. Sitatus awa 24 yake yi ya ɓace. In bayan ya ɓace yaron ya ci gaba da tilawa, to alhamdulillah.

Maman Hanifa:
Wannan na duba wa ya kalla bai yi magana ba, Malam ka kama mu da yawa 🙈 Ni har gaba na taɓa yi da matar wana a kan haka.

Ɗan Yarinci:
Mu koma kan Baban Ummi, bawan Allah na can ba a ba shi abinci ba. Ni shawarata iyaye ku haɗa kai ku je wajen mai makarantar. In mutum 10 suka ce ba za su biya ba, dole a rage.

Malama A.:
An gwada a wajenmu. Iyaye maza 12 suka sa hannu a takarda. Kafin sati ya zagayo matan 9 daga cikinsu sun biya a ɓoye.

Baban Ummi, Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai jama'a, na karanta duka, wasu sau biyu. Da safen nan na je makarantar. Shugabar ta karɓe ni da mutunci, ta ce ba dole ba ne, amma yaran da ba su biya ba gara su zauna gida ranar don kada ransu ya ɓaci. Na tambaye ta ko za a ba wanda ya fi ƙoƙari kyauta. Ta ce kowane yaro za a ba shi kambu da takardar yabo, saboda iyaye ba sa son a ga ɗan wani ya fi nasu a bidiyo. Na ce a cire mani kuɗin kek da na adon fili, ta ce a dunƙule yake.

A hanyar dawowa na tambayi Ummi a kan babur, na ce kin san me za a yi ranar? Ta ce eh, ranar da za a sa mata hula a ɗauke ta a waya. Na ce saboda me? Ta yi shiru, can ta ce saboda ta yi kyau.

Na shigo gida da niyyar in zaunar da uwarta in karanta mata maganar Baba Hedimasta da ta Mai Hoto. Ina cire takalmi sai ga yaron tela ya yi sallama da leda. Ashe tun ranar Talata aka kai ɗinkin ankon, kwana biyu kafin takardar ta iso hannuna.